Amsar tambaya kan tiren katako da ke tsagewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na saurari tambayarka, ka ce tiren da kake juyawa a inji yana tsagewa ko ya karkace bayan kwana biyu. To ka ga, yawanci ba laifin inji ba ne, katakon ne bai bushe ba. Musamman in hunturu ya shigo Bauchi, iska na zuƙe ruwan samansa alhali cikinsa na nan ɗanye, dole ya fashe.

In ka shiga wajen 'yan katako a Muda Lawal, nemi maɗaci ko malaina, kaurin inci 2. Ƙirya na da kyau amma tana cinye bakin cizal. Ka duba bakin katakon da kyau, in ka ga zuciyar itacen a ciki, wato tsakiyar zanen zobban nan na cikin itace, bar musu kayansu. Daga nan tsaga take farawa.

In ɗanye ne, yi masa juyin farko kawai, ka bar shi da kauri, ka shafe shi da gam, ka ajiye a inuwa wata uku ko fiye. Ba rana ba, don Allah. Zai ɗan karkace, juyi na biyu ne zai daidaita shi.

Wajen ɗaurawa kuwa, ka fara yanke shi zagaye da zarto, ka kama fuskar da za ka ƙwaƙule da sukuru a jikin farantin ƙarfen da ake ɗaurawa a inji, ka gama bayan tukuna sannan ka juya. Ramukan sukurun za su tafi wajen ƙwaƙula. Tire mai faɗin inci 14 kada ya wuce juyi 600 a minti, kuma lokacin kunnawa ka tsaya gefe, ka rufe fuska.

Wajen ƙwaƙula, ka fara daga baki ka nufi tsakiya, kana gama kowane sashe kafin ka wuce. In ka sirance tsakiya tun farko, bakin zai riƙa rawa, cizal ya bar maka tabo. Kaurin gindin ya kai kamar rabin inci, kuma ka ɗan lotsa ƙarƙashinsa don ya zauna daram.

Ka goge da samfefa mai lamba 80, 120, 180, 240 bi da bi, kada ka tsallake. Tunda abinci za a ɗora, kakin zuma da man kwakwa sun wadatar. Man gyaɗa yana yin ɗoyi in ya daɗe, baƙin mai kuma kada ma ya kusanci wajen.