Motar mai ƙusoshi a aikin hanya

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wata mota wajen aikin hanya a bayan garin Tawa, gabanta wani ƙaton gangan ƙarfe mai ƙusoshi gajeru masu kauri, kana tambaya ko fasa dutse take yi. A'a, daddaɓe ƙasa ne aikinta. Da Faransanci sunanta na nufin "ƙafar tunkiya", don sawun da take bari kamar garke ne ya bi ta wurin bayan ruwan sama.

Ga dalilin ƙusoshin. In ƙasa mai laka ce, abin daɓe mai santsi sama kawai yake dannewa, ciki ya zauna da iska. Damina na zuwa sai hanya ta lotsa. Ita kuwa wannan, nauyinta duka yana taruwa a kan ƙusoshin, su nutse su cuɗa ƙasar tun daga ƙasa zuwa sama. Gireda ta baje ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa, motar ruwa ta yayyafa, sannan mai ƙusoshin ta bi, ta je ta dawo.

In ka sake wucewa, don Allah tsaya ka duba da kyau. Zagayen farko ƙusoshin kan shige gaba ɗaya. Sannu a hankali sai ka ga gangan yana ɗagowa, har ya zama a kan bakin ƙusoshi kawai yake tafiya. Da haka direba ke gane ƙasa ta kama. Ni wannan abin yana burge ni ƙwarai.

A kan rairayi tsantsa ba ta da amfani, tona shi kawai take yi. Can sai mai santsi mai girgiza.