Ke da 'yarki ba littafi ɗaya kuke karantawa ba

'Yar uwa, kin ce 'yarki mai shekara 15 ta karanta wani littafin matasa sau uku har da hawaye, ke kuwa kin kasa wuce babi na huɗu saboda jarumar ta cika tsiwa da ƙorafi, kina tambaya ko akwai abin damuwa. Shekara 11 na yi ina kula da ɗakin karatu na makarantar sakandare, kuma na sha ganin irin wannan.

Ita tana karatu ne daga cikin jikin jarumar, ke kuma kina tsaye kusa da uwar jarumar. Ni ma ya faru da ni. Akwai littafin da nake ɓoyewa ƙarƙashin filo ina 'yar shekara 14. Da na sake ɗaukarsa bayan na haihu, sai na tarar hankalina gaba ɗaya yana kan mahaifiyar da ke zaune da dare tana sauraren motsin ƙofa. A karatun farko ko lura da matar ban yi ba.

Wata ɗaliba ta taɓa dawo min da littafi, shafi guda ya yi laushi saboda yawan buɗewa. Na duba. Ba wurin soyayya ba ne, ba kuma ƙarshen labarin ba. Wurin da jarumar ta zauna ita kaɗai a aji ne, bayan aminiyarta ta samu sababbin ƙawaye. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce min ta ɗauka ita kaɗai ce hakan ta taɓa samu. Har yau ina tuna muryarta.

Wannan saɓani kuwa ya daɗe. S. E. Hinton ta rubuta The Outsiders tana 'yar sakandare a Amurka, aka buga shi a 1967 tana da shekara 18. Matasa suka rungume shi, wasu iyaye kuma suka nemi a cire shi daga makarantu saboda faɗan daba da shan taba da ke ciki. Sannan binciken kamfanin Bowker na 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa manya ne, daga shekara 18 zuwa sama. Shi ya sa idan na ga sharhi ana cewa jaruma ta cika raki, nakan fara tunanin shekarun mai maganar.

Ban ce a bar yara da kowane littafi ba, akwai waɗanda ni ma na janye daga ɗakin karatun. Amma tsiwar jaruma kaɗai ba ta isa dalili ba. Ki daure ki kai ƙarshen littafin, yawanci can ne jarumar take gane kurenta. Kuma kafin ki faɗa wa 'yarki ra'ayinki, ki ce ta buɗe miki shafin da ya sa ta kuka, ki zauna kusa da ita ta karanta miki.