Wa ya kashe Pontiac: ƙungiyar ƙwadago ko masu kamfanin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Pontiac Vibe 'yar Beljiyam. Makanikena ya ce an daɗe da daina ƙera Pontiac, wai ƙungiyar ma'aikata ce ta ci kamfanin har ya faɗi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Makaniken naka ya kama wutsiyar maganar, kan ne ya kuɓuce masa.

Pontiac reshe ne na kamfanin General Motors (GM) na Amurka tun 1926. A Afrilun 2009, lokacin da GM ke neman durƙushewa, ta sanar da cewa za ta rufe shi. Ranar 1 ga Yuni ta shiga kotun fatara, gwamnatin Amurka kuma ta zuba mata kusan dala biliyan 50 bisa sharaɗin ta rage jiki. Aka bar Chevrolet, Cadillac, Buick da GMC.

Ƙungiyar ma'aikatan motoci, UAW, tana da nata kason laifin, ba zan wanke ta ba. Tun 1984 aka ƙulla wata yarjejeniya wadda idan an rufe layin aikinka za ka ci gaba da karɓar kusan duk albashinka, ko ba ka ɗaura ƙusa ɗaya ba. Sai a 2009 aka soke ta. Ga kuma kuɗin asibitin ma'aikata da 'yan fansho, wanda a 2005 aka kiyasta yana kai dala 1,500 a kan kowace mota. Toyota, da masana'antarta ta Kentucky ba ta da ƙungiya, ba ta ɗauke da wannan kayan.

To amma 'yan ƙungiyar nan su ne ke haɗa Chevrolet da Buick. Me ya sa wuƙar ta sauka a wuyan Pontiac? Buick dai kasuwar Sin ce ta cece ta, can a lokacin ana rububinta. Pontiac kuwa, wadda ta yi suna da GTO da Firebird masu ruri, shugabannin GM sun mayar da ita 'yar aron riga: G5 Chevrolet Cobalt ce aka sauya wa hanci, G3 kuwa Chevrolet Aveo ce. Mai saye ya duba ya ga abu ɗaya, sai ya tafi inda ya fi araha. Wannan shawarar a hedkwatar GM da ke Detroit aka yanke ta, leburan layi bai sa hannu ba.

Motarka ma shaida ce. Buɗe bonet ka duba, injin Toyota za ka gani, don Vibe da Toyota Matrix tagwaye ne. A Fremont ta Kalifoniya aka haɗa ta, a masana'antar haɗin gwiwar GM da Toyota, wadda yanzu Tesla ke ciki. Saboda haka kada mai kayan gyara ya tsorata ka da "ai kamfanin ya mutu" don ya tsuga maka kuɗi. Kayan inji da na ƙafa, nemi na Matrix. Kayan bodi irin su fitilu da bamba ne za su ɗan wahalar da kai.