Filin Tambayoyinku: John Simon ya mutu, to me ya bari a baya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce ina karantar wasan kwaikwayo, satin da ya wuce malaminmu ya kawo mana zancen wani ɗan Amurka wai shi John Simon, mai sharhin wasan dandamali da ya yi suna wajen zafin baki a New York, nan take aji ya rabu biyu wasu na cewa gwarzo ne tunda baya tsoron kowa wasu na cewa mugu ne kawai, ni kuma na ce ai bawan Allahn nan ya mutu a ƙyale shi ya huta mana, sai aka yi min ca. Malam wai me ya bari ne takamaimai, kuma ni burina in zama mai sharhi, in yi koyi da shi ko in guje shi?
Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata. Wallahi na ji daɗin tambayar nan dan ta taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, kuma tun kafin mu yi nisa, abinda kika faɗa a aji ba kuskure bane, tarbiyya ce, mu dai an hore mu da cewa kar a zagi mamaci domin ya riga ya isa ga abinda ya gabatar. Amma zagin mamaci daban, duba aikin da ya bari a rubuce daban. Mutumin da ya shafe sama da shekara 50 yana auna aikin mutane a bainar jama'a ai shima a auna nasa, ba cin fuska a ciki.

An haife shi 1925 a garin Subotica, wancan lokacin ƙasar Yugoslabiya yanzu yana cikin Sabiya, ya shigo Amurka 1941 yana saurayi. Turanci ba harshen da ya tashi da shi bane, tun yana yaro da Sabiyanci da Hangariyanci da Jamusanci ya buɗi baki, amma ya zo ya yi digiri uku a jami'ar Harvard har na dakta a fannin adabi, ya kai matsayin da shi ke gyara wa 'yan asalin ƙasar Turancinsu, har littafi guda ya yi kan yadda ake lalata harshen. Mujallar New York ita ce gidansa, daga 1968 zuwa 2005, kusan shekara 37 kenan, a gefe guda kuma yana sharhin finafinai a mujallar National Review. Ya rasu 24 ga Nuwamba 2019 yana da shekara 94.

Kinga dai ba jahili bane, kuma nan ne abin yake min ciwo. Ya san littafin wasa kamar yunwar cikinsa, yana karanta wasannin Jamus da Faransa a harshensu na asali, in darakta ya yanke wani wuri ko fassara ta gurgunta magana zai gane, kuma baya cikin masu yabo dan a ci gaba da gayyatarsu walima. A ganinsa yawancin abinda ake nunawa bai kai ba kuma aikinsa ne ya faɗa, wanda ya sayi tikiti da kuɗin guminsa yana da haƙƙi a gaya masa gaskiya. Har lambobin yabo ya samu, George Polk da George Jean Nathan, manya ne a wannan fagen. Waɗanda suka ce miki gwarzo ne wannan suke kallo, kuma ban ga laifinsu ba.

To amma fa sai ya tsallake aiki ya koma kan halitta. Yau ki tambayi duk wanda ya san sunan John Simon abinda ya tuna, da wuya ya kawo miki sharhinsa kan wani wasa, abinda zai fara faɗa shine yadda ya dinga yi wa hancin jaruma Barbra Streisand ba'a, da yadda ya kwatanta fuskar jaruma Liza Minnelli da ta kare, da yadda ya kwatanta jikin jaruma Diana Rigg da ginin bulo lokacin da ta fito a wani wasa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, farkon shekarun 1970. Mata ne akasari suka sha wannan. Hujjarsa wai ɗan wasa jikinsa shine kayan aikinsa saboda haka shima abin aunawa ne, ni kam ban yarda ba ko kaɗan. In ka ce wa jaruma muryarki bata kai kujerun baya ba, gobe zata iya gyarawa. In ka ce hancinki ya yi girma, me kake so ta yi, ta mayar wa wanda ya halitta? Ita Diana Rigg maganar bata bar ranta ba, har a 1982 ta tattara munanan sharhin da aka taɓa yi wa 'yan wasa ta yi littafi da su, nata na ciki.

Akwai abinda ya faru 1973 da har yau ake maimaitawa. Ya rubuta cewa jaruma Sylvia Miles 'yar zuwa biki ce ba gayyata, ita kuwa mace ce da a rayuwarta sau biyu ana sa sunanta a takarar Oscar. Suka haɗu a wani gidan abinci a New York cike da mutanen harkar fim, ta ɗauki farantin abinci ta taka har inda yake ta juye masa a ka, kowa na kallo. Kuma ikon Allah a shekara ɗaya suka bar duniya, ita a watan Yuni 2019 shi a Nuwamba, kusan duk jaridar da ta rubuta ta'aziyyar ɗayansu sai da ta ambaci farantin nan. Abokan aikinsa ma basu ƙyale shi ba, a 1969 ƙungiyar masu sharhin wasa ta New York ta ƙi karɓarsa sai daga baya, a 1980 kuma mutum wajen 300 suka sa hannu a wani talla a jaridar Variety suna zarginsa da mugunta da wariyar launin fata, ga kuma maganganun da ya yi ta yi na adawa da bai wa baƙar fata rawar da aka saba bai wa farare.

Bari in gaya miki wani abu nawa. Shekarun baya ina ɗanyen kai na je kallon wasan ɗalibai a wata makaranta, na dawo na rubuta sharhi, a ciki na saka layi ɗaya kan tafiyar wata yarinya da ta fito a matsayin sarauniya, abokaina suka yi ta dariya ina jin ni wani ne. Bayan sati biyu na koma wurin, malamarsu ta ja ni gefe ta nuna min kayan sarautar a ninke kan benci, alkyabba da ɗan kambun kwali da aka liƙa wa takardar gwal, ta ce yarinyar ta dawo da su ta ce ta daina, ashe da ciwon ƙafa aka haife ta. Duk sauran abinda na rubuta kan haske da tsarin labarin daidai ne amma ba wanda ya karanta shi, layin nan ɗaya ya cinye komai. Har yau in na tuna kambun nan sai gabana ya faɗi.

Dan haka amsata gareki 'yata, ki ɗauki karatunsa da rashin tsoronsa, dan mu nan matsalarmu ta fi karkata ɗaya gefen, kowa ɗan uwan kowa ne, wasa ko fim ya fito ba daɗi sai a ce masha Allah an yi ƙoƙari a wuce, wannan ma cuta ce. Ki karanta wasa kafin ki je kallo, ki riƙe biro a duhu, ki faɗi inda ya karye da dalili. Amma duk jimlar da kika rubuta ki tambayi kanki ko wanda kika faɗa wa zai iya gyara abin kafin wasan gobe, in ba zai iya ba goge ta. Kuma ki aiko min sharhinki na farko in gani.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Ni fa ina ganin irin waɗannan masu sukar hassada ce ke cinsu, sun kasa yi shi yasa suke rushe na wasu, anya ma suna son wasan kuwa?
Daga wani mai karatu a Maraɗi

AMSA: Barka kadai ɗan uwa. Akwai masu hassadar ba musu, amma kan John Simon ban yarda da kai ba. Ƙarfin rufe wasa ma ba a hannunsa yake ba sosai, mujallarsa mako-mako take fitowa, furodusoshi sharhin jaridar New York Times suka fi jin tsoro tunda shi washegarin buɗe wasa yake fita. Kuma wanda baya son abu baya ƙare rayuwarsa a kansa. Da aka sallame shi daga mujallar a 2005 yana dab da cika 80 bai koma gida ya kwanta ba, ya tafi kafar labarai ta Bloomberg ya yi har 2010, daga nan ya buɗe shafinsa a intanet yana ta rubutu har shekarar da ya mutu. Ranar da ajali ya zo ma ciwon shanyewar jiki ya same shi ne a gidan wasa, irin wanda ake cin abinci ana kallo, a yankin Westchester kusa da New York, daga can aka ɗauke shi zuwa asibiti.