Tankin kifin teku a falo: me ke cinye mini kayan lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Gwarimpa, Abuja. Na ajiye tankin kifin teku mai ruwan gishiri a falo, kusa da talabijin da dikoda. Yanzu wani farin gari yana taruwa a bayan talabijin, bakin soket kuma ya yi tsatsa. An ce mini tururin gishiri ne. In kwashe tankin, ko akwai dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba sai ka kwashe shi ba, amma ba tururi ba ne. Gishiri ba ya bin tururi. Ruwa kaɗai ke tashi, gishirin ya zauna, shi ya sa idan tankin ya ragu da ruwa maras gishiri ake cike shi. Feshi ne ke yi maka ɓarna. Duk kumfar da ta fashe a saman ruwa tana watsa ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ta kwashe su, su sauka a kan kaya su bushe. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, don haka yau da gobe sai ya taru.

Da hunturu wannan farin garin gishirin yakan kwanta shiru, har ka ɗauka ƙura ce. Damina ke tayar da shi. Gishirin girki yana fara zuƙo ruwa daga iska idan laima ta kai kashi 75 cikin 100, kuma a watan Yuli da Agusta iskar Abuja takan wuce haka. Akwai ma wani sinadari a gishirin teku, maganiziyam kulorayid, da ke jiƙewa tun laima na wajen kashi 33. Da zarar ya jiƙe ya zama ruwan gishiri, wanda wutar lantarki ke bi ta cikinsa, yana kuma cin ƙarfe. Leƙa ramin da wayar dikoda ke shiga: idan ka ga kore-kore, jan ƙarfen ciki ne ya fara ciyuwa.

Fara da tsayar da feshin. Sa wa tankin murfin gilashi, ka bar 'yar kafa don iska. Cire dutsen nan mai fitar da kumfa, ka nutsar da bakin bututun da ke dawo da ruwa, ya riƙa motsa saman ruwan ba tare da fantsama ba. Wannan kaɗai rabin aikin ne.

Sai ka matsar da kayan, musamman masu fanka a ciki irin su kwamfuta da inbata, don su janyo iskar suke yi zuwa cikinsu. Kada iskar fanka ta bi ta kan tanki ta nufo su.

Batun soket kuwa ba na wasa da shi. Wanda ya yi tsatsa a canza shi. A ɗaga sabon sama daga ƙasa, nesa da feshi, kowace waya ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya zube a ƙasa. Ka sa mai gyaran wuta ya saka RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta idan ta fara zurarewa.

Kowane mako ka zare filogi, ka goge gishirin da tsumma mai ɗan danshin ruwan famfo, ka bi da busasshe. Maganin tsatsa na fesawa kuma kada ya kusanci tankin, kifi da murjani ba sa jure shi.