Tambaya da Amsa: Me ya sa ciki ba ya narkar da kansa?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. An ce mana ciki yana fitar da asid mai ƙarfin da yake narkar da nama, to shi cikin ba nama ba ne, me ya hana asid ɗin ya cinye shi? Kuma me ya sa in ƙwannafi ya taso min ƙirji ne ke zafi ba cikin ba? Hotunan littafinmu kuwa duk kala ɗaya nake gani, na kasa bambance komai.

AMSA: Wa'alaikissalam ƙanwata, gaskiya na ji daɗin tambayar nan, kuma amsar duka ukun tana wuri ɗaya, wato a bangon hanyar abincin in aka sa shi a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa.

Kin ga tun daga bututun da ke sauke abinci daga maƙoshi har ƙarshen babban hanji, bangon hawa huɗu ne. Na ciki-ciki wanda abinci ke goga shi ne mukosa, bayansa akwai shimfiɗa mai ɗauke da jijiyoyin jini, sai tsoka mai matsa abinci gaba, sai siririn rufi daga waje. Hawa ukun baya ba sa sauyawa sosai, na cikin nan ne yake canza kama daga wuri zuwa wuri gwargwadon aikin da ke gabansa, shi ya sa nake ce wa ɗalibai in an ba ku hoto ku fara kai ido can tukuna.

To mu zo kan cikin. In kika duba fuskarsa za ki ga cike take da 'yan ramuka ƙanana, a ƙasan kowane rami akwai ƙwayoyin halitta iri-iri, wasu manya ne masu launin ruwan hoda da ɗigo a tsakiya, su ne ke fitar da asid ɗin, kuma su dai ne ke fitar da sinadarin da in babu shi jiki ba zai iya tsotse bitamin B12 ba. Wasu kuma suna fitar da sinadarin narkar da furotin amma a kulle suke fitar da shi, ba ya fara aiki sai ya haɗu da asid a can waje, kin ga tun daga nan an fara kare bangon ke nan. Sannan ƙwayoyin da ke saman fuskar suna zubo wani yauƙi mai kauri kamar majina wanda ya lulluɓe ko'ina, a cikinsa akwai sinadarin bayikabonet mai kashe kaifin asid, don haka ruwan cikin zai iya yin tsami sosai, har pH 2 a ma'aunin tsami, amma dab da jikin bangon kusan ba tsamin. Kuma fa ƙwayoyin saman nan ba sa daɗewa, cikin 'yan kwanaki sun zube sababbi sun maye gurbinsu.

Shi kuwa bututun abinci, mai tsawon kamar santimita 25, ba haka aka gina shi ba, nasa rufin ƙwayoyi ne falai-falai da aka jera hawa kan hawa irin na fata, don ya jure gogar loma, ba shi da wancan yauƙin mai kauri. To in ƙofar da ke tsakaninsa da ciki ta yi sako-sako asid ya haura, dole ki ji wuta a ƙirji tunda ta bayan ƙirjin ya bi. Kuma ina roƙonki kar ki ɗauki ƙwannafin kullum da wasa, domin in abin ya ɗauki shekaru ƙwayoyin ƙasan bututun suna iya rikiɗewa su koma irin na hanji, likitoci suna sa ido sosai a kan wannan saboda a wasu mutane yana zama mafarin ciwon daji, wato kansa. Ki je a duba ki.

Ita ma kariyar cikin tana karyewa, shi ne gyambon ciki da muke ce wa olsa. Wani likita ɗan Ostiraliya, Robin Warren, shi ya lura da wasu ƙwayoyin cuta masu lanƙwasa a ɗan naman cikin da ake kawo masa ya duba a madubi, a lokacin da kusan kowa ya yarda ba abin da zai rayu a cikin asid, abokin aikinsa Barry Marshall har sai da ya sha su a 1984 don ya nuna suna kawo ciwo, su biyun suka karɓi kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar, Helikobakta failori, a ƙarƙashin yauƙin nan take ɓuya. Yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin shi ma yana raunana yauƙin.

Batun hotunanki, launin rini ne ba na naman ba, ana yanka naman siriri sosai a rina shi da kala biyu, ɗaya ya mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗi mai duhu, ɗayan ya mai da sauran ruwan hoda, don haka ki daina bin kala ki bi siffa. Kin ga ramuka sun nutsa ƙasa, ciki ne. Kin ga 'yan yatsu sun miƙe sama kamar gashin tawul, ƙaramin hanji ne, kowane ɗan yatsa tsawonsa kamar milimita ɗaya ne ko ƙasa da haka kuma a cikinsa akwai jijiyar jini da wata hanya ta daban mai kwashe kitse, nan ne ake tsotse yawancin abinci. In kuwa babu yatsun, fuskar a shafe take, ga fararen ɗigo-ɗigo masu siffar kofi rututu ko ta ina, to babban hanji ne, ɗigon nan masu fitar da yauƙi ne don bahaya ya wuce cikin sauƙi.