Zuciya Ɗaya, Dukan Zuciya, da Taura Biyu

Tambaya: Malam, ina koyar da ajin baftisma a Kafanchan. Wani lokaci nakan ce "a bi Ubangiji da zuciya ɗaya", wani lokaci "da dukan zuciya". Ma'anarsu ɗaya ce?

Amsa: 'Yar'uwa, sun yi kusa amma ba ɗaya ba ne, kuma ya kamata 'yan ajinki su san bambancin. "Da zuciya ɗaya" magana ce a kan niyya. In Bahaushe ya ce "na riƙe shi da zuciya ɗaya", yana nufin babu wata manufa a ɓoye, babu ha'inci. Kishiyarta ita ce zuciya biyu, halin da Yakubu 1:8 ya ce mai shi ba ya tsayawa a kan komai. "Da dukan zuciya" kuwa magana ce a kan yawan abin da aka bayar, wato ba a rage komai ba. Maimaitawar Shari'a 6:5 ta lissafa abu uku, zuciya da rai da ƙarfi. A Markus 12:30 Yesu ya haɗa da hankali, suka zama huɗu.

Ki gwada musu da mai dukiyar nan na Markus 10:17-22. Da gudu ya zo, ya durƙusa, kuma ba don ya gwada Yesu ya yi tambayarsa ba, har nassin ya ce Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi. A ganina zuciya ɗaya ce ta kawo shi. Amma da aka taɓo dukiyarsa sai ya tafi da baƙin ciki, domin akwai abin da ya keɓe wa kansa. Hananiya da Safiratu, a Ayyukan Manzanni sura 5, sun rasa duka biyun: sun rage kuɗin gonar da suka sayar, sannan suka nuna kamar duka suka kawo. Bitrus ya ce gonar da kuɗinta nasu ne, ƙaryar ce laifin.

Ki kula da tarko biyu. In ana maganar jama'a, kamar a Ayyukan Manzanni 4:32, "zuciyarsu ɗaya" haɗin kai take nufi. Kada kuma ki yabi mai bi da cewa "mai zuciya ne" ba tare da bayani ba, don wasu za su ji kamar saurin fushi kike nufi, tun da "ya yi zuciya" fushi ne.

Tambaya: Wane karin magana ne ya dace da wa'azi a kan Matiyu 6:24, inda aka ce ba a bauta wa iyayengiji biyu?

Amsa: "Taura biyu ba ta taunuwa." Taura 'ya'yan itacen daji ce mai faɗi, ƙwallonta babba ne mai tauri, naman kaɗan ne kuma cike da zare, sai an juya ta a baki ana gwaguya. In an cusa biyu, muƙamuƙi ba ya samun wurin motsi, ko ɗaya ba za a ci ba. Ayar ma ba ta ce bauta wa biyu yana da wuya ba, ta ce ba ya yiwuwa, shi ya sa karin ya zauna daidai. A birni, fara da bayanin taurar, yara da yawa ba su taɓa ganinta ba. "In za ka sha giya, sha ta dubu" ma yana nufin a yi abu gaba ɗaya, amma ban ba da shawarar a hau bagade da shi ba. Hankalin masu sauraro zai koma kan giyar.

Tambaya: "Ya sadaukar kansa" ko "ya sadaukar da kansa"?

Amsa: Na biyun. Aikatau irin su sadaukar, sayar, mayar suna bukatar "da" kafin abin da aikin ya faɗa wa. In ba a ambaci abin ba, "da" ba ta zuwa, sai a ce "ya sadaukar" ko "yana sadaukarwa". Kalmar daga sadaka ta fito, abin da aka bayar ba a karɓa kuma, don haka ta fi "ba da kai" nauyi in ana bayanin Romawa 12:1, inda aka ce mu miƙa jikunanmu hadaya ga Allah.